McCaffrey ko Henry: wa zan ɗauka a fantasi na NFL na 2025?

Tun da aka sa ranar daraf, wato ranar zaɓen 'yan wasa, na lig ɗinmu na fantasi na NFL, gasar ƙwallon Amurka, na kakar 2025 nake ta juya sunaye biyu a kaina, Christian McCaffrey na San Francisco 49ers da Derrick Henry na Baltimore Ravens. Lambata a layi ta faɗo can wajen ƙarshen zagayen farko, kuma wanda yake wajen nan ya san manyan yara irin su Bijan Robinson da Saquon Barkley an riga an yi gaba da su kafin a zo kansa, sai ka tarar da tsofaffin nan biyu suna kallonka kana kallonsu agogo na tafiya.

Fantasi wasa ne da kake haɗa tawaga daga 'yan wasan gaske kana samun maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Ga wanda ya saba da FPL, wato fantasi na Firimiya, kawai, bari in ɗan share hanya. A can kowa na iya sayen Salah, mutum miliyan nawa ne suke da shi lokaci guda. A fantasi na ƙwallon Amurka ba haka ba ne, ɗan wasa ɗaya mutum ɗaya, idan wani ya riga ka ɗauka to shi ke nan sai dai ku yi musaya. Mutum 10 ko 12 ne a lig, ana zaɓe bi da bi, wanda ya zo ƙarshe a zagayen farko shi ke farawa a na biyu. Ranin bak kuma, matsayin da su biyun suke bugawa, shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a hannu ya kutsa cikin ƙarti da gudu, wani lokaci kuma kwatabak, mai jefa ƙwallo na ƙungiyar, ya jefo masa ya cafe. Lissafin maki a mafi yawan lig kusan ɗaya ne: kowane yadi 10 maki 1, tacdawun, wato kai ƙwallo har cikin gidan abokan hamayya, maki 6, idan ƙwallo ta suɓuce maka abokan hamayya suka ɗauke a cire 2. Yadin nan fa shi ne dai yadin da ake auna shadda da shi a Kwari, bai kai mita ɗaya ba, filin kuma yadi 100 ne.

Abin da mutane da yawa ba sa dubawa kafin su fara musu shi ne saitin lig ɗinsu. Akwai lig da ke ba da maki 1 duk sanda ɗan wasa ya cafe ƙwallo, shi ake cewa PPR. Akwai mai ba da rabin maki. Akwai kuma wanda ba ya ba da komai, sai yadi da tacdawun. Wallahi duk maganar mutanen nan biyu a kan wannan layin guda take tsaye, don haka ka buɗe manhajarka, ko ESPN ce ko Yahoo ko Sleeper, ka duba tukuna kafin ka ci gaba da karatu.

Abin dariya ma, ba yau aka fara haɗa su ba. A 2015 suna jami'a Henry yana Alabama ya yi gudun yadi 2,219 ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, wanda ya zo na biyu kuwa McCaffrey ne na Stanford, shekarar da ya tara yadi 3,864 ta kowace hanya ya karya tarihin Barry Sanders. Shekara goma ke nan ana wannan gardama, yanzu ta biyo mu har cikin waya.

Mu fara da McCaffrey tunda shi ne mai tsada. In yana da lafiya, gaskiya ban ga kamarsa ba a fantasi. A 2019 yana Carolina ya yi yadi 1,387 da gudu, ya cafe ƙwallo 116 da suka ba shi yadi 1,005, tacdawun 19. Mutum uku ne kacal suka taɓa haɗa dubu da gudu da dubu da cafewa a kaka ɗaya, Roger Craig a 1985, Marshall Faulk a 1999, sai shi. In ka buga lissafin a PPR maki wajen 470 ne, kuma 116 daga ciki na cafewa ne zalla, tun kafin ya ɗaga ƙafa ya yi taku ɗaya. Bayan an mai da shi San Francisco a Oktoban 2022 bai fi kwana goma ba ya yi wani abu a wasa da Rams, ya jefa tacdawun, ya cafe tacdawun, ya kuma shiga da gudu, duk a wasa ɗaya. A 2023 ya fi kowa gudu a lig da yadi 1,459, ya cafe 67, tacdawun 21, jimillar yadinsa 2,023 daidai da lambar shekarar, aka ba shi gwarzon ɗan wasan kai hari. Makinsa a PPR ya haura 390 a wasa 16. Babansa Ed McCaffrey mai cafe ƙwallo ne a Denver, to hannun gado ne, kuma kocinsu Kyle Shanahan ya san yadda zai mori abinsa, wani lokaci ma sai ka gan shi a tsaye can gefe kamar ba ranin bak ba.

To amma ga inda gizo ke saƙar. 2020 wasa 3 ya buga. 2021 wasa 7. Wato cikin wasa 33 ya buga 10. Sai 2024, wasa 4 cikin 17, babu tacdawun ko ɗaya. Wannan ta ƙarshen ni ta faɗa wa, don ni ne na samu lamba ɗaya a daraf ɗinmu kuma na ɗauke shi ina ta cika baki a guruf. Wasan farko nasu na daren Litinin ne da Jets, wanda a agogonmu ƙarfe ɗaya da kwata na dare ne, na sa wayata a caji na kwanta da nufin in tashi in tarar da maki. Ana sanar da waɗanda ba za su buga ba kamar awa ɗaya da rabi kafin wasa, lokacin ni na yi nisa a barci. Da asuba na buɗe waya na ga sifili a gaban sunansa, jijiyar agararsa ce ta hana shi fita. Wanda ya maye gurbinsa, Jordan Mason, ya yi yadi 147 a daren, kuma yana nan zaune babu wanda ya ɗauke shi a lig ɗinmu, ni da ya kamata in ajiye shi a benci na tsaya ɗaukar wani da ban ƙara waiwayarsa ba. Laifina ne ba na kowa ba. McCaffrey bai dawo ba sai mako na 10, ranar 1 ga Disamba kuma a cikin dusar ƙanƙara a Buffalo gwiwarsa ta samu matsala, kaka ta ƙare masa. Ni kuwa tawa ta riga ta ƙare tun Oktoba.

Henry wani irin mutum ne daban. Tsawo ƙafa 6 da inci 3, nauyi wajen kilo 112, in ka gan shi kusa da sauran ranin bak sai ka ce yayansu ne ya rako su makaranta. Ba ya wani kwana-kwana da yawa, zai taho ne kai tsaye ya sa hannu ya ture mutum gefe, in kuma ya samu fili to gudun da ke jikinsa bai dace da girman ba, a 2018 ya taɓa ɗaukar ƙwallo daga yadi ɗaya na gidansu ya kai ta har ƙarshe, yadi 99, a wasa da Jacksonville. Ga alƙalumansa na gudu a jere: 1,540 a 2019, 2,027 a 2020, 1,538 a 2022, 1,167 a 2023. Shekarar da na tsallake, 2021, ita ce ya karye a tafin ƙafa bayan wasa 8, kuma a wasa 8 ɗin ya riga ya tara 937. Ban da wannan shekarar, da wuya ka ga Lahadi ta zo ba ya fili.

Da ya bar Tennessee ya koma Baltimore a 2024 yana ɗan shekara 30, mutane da yawa sun ce an gama da shi, ni ma ina cikinsu. Sai ga yadi 1,921 a ɗauka 325, kusan yadi 6 duk ɗauka, tacdawun 18 gaba ɗaya. Saquon ne kawai ya fi shi gudu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kwatabak ɗinsa Lamar Jackson shi kansa ya yi gudun yadi 915, don haka masu tsaron baya ba sa iya zuba ido kan mutum ɗaya, in suka bi Lamar Henry ya wuce, in suka taru kan Henry Lamar ya zille ta gefe. Abin da ya fi daɗi ga mai Henry a fantasi, Lamar sau 4 kacal ya shiga tacdawun da ƙafarsa, in an zo bakin layi ƙaton ake miƙa wa.

Rauninsa hannu ne, ko in ce ba a jefa masa. Ƙwallo 19 ya cafe duk kakar 2024, mafi yawan da ya taɓa yi a rayuwarsa 33 ne a 2022. Justice Hill da ke bayansa ya ninka shi cafewa. Ma'anar wannan ita ce ranar da Ravens suke baya ana cinsu suna buƙatar jifa da sauri, Henry yana gefe da hular kwano a hannu kai kuma kana kallon waya maki ba ya motsi. Wasan farko da Kansas City ɗauka 13 ya samu, yadi 46, tacdawun ɗaya ne ya rufa masa asiri. Mako uku bayan nan da Buffalo ya yi 199, taɓawarsa ta farko ma yadi 87 ce har cikin gida. McCaffrey kuwa ko ana cinsu ko suna ci yana cikin fili, in ba a miƙa masa ba za a jefa masa, shi ya sa makinsa ba ya cika faɗuwa ƙasa warwas in dai ya buga.

Bari mu ɗora mafi kyawun kakarsu ta kusa a sikeli ɗaya. McCaffrey na 2023, yadi da tacdawun kawai, maki 328 da ɗoriya a wasa 16. Henry na 2024, 319 da ɗoriya a wasa 17. Ka ga ratar ba ta kai goma ba. Ƙara cafewa, wancan ya samu ƙarin 67 wannan ya samu 19, ratar ta koma kusan 57. A lig mai rabin maki ta tsaya wajen 33, wanda in ka raba a kan makonnin kaka bai wuce maki biyu a mako ba, ko uku in ka tuna wasa 16 wancan ya buga. To maki biyu ko ukun nan su ne za ka auna da tarihin mutumin da kaka uku cikin biyar daga 2020 zuwa 2024 ya shafe mafi yawansu a gefen fili.

Kada kuma a ɗauka Henry ba shi da nasa haɗarin. An haife shi Janairun 1994, yana da 31 ke nan a kakar 2025, McCaffrey na Yunin 1996 yana da 29. Ranin bak kaɗan ne suke wuce 30 da ƙarfinsu, kuma mutumin nan ya ɗauki ƙwallo sau 303, 378, 349, 280, 325 a manyan kakanninsa, kowace ɗauka kuma ƙarti ne suke faɗo masa. Wata rana dole injin ya yi sanyi, kuma irin wannan ba ya sallama, kawai za ka ga yadi 6 ya koma 3 da rabi. Sai dai an shekara nawa ana cewa bana ce bana ce, shi kuma yana ta wucewa. Sannan an san shi da ƙara zafi in sanyi ya shigo, Disamba, daidai lokacin da ake buga wasannin fitar da gwani na fantasi a mako na 15 zuwa 17, lokacin masu tare shi duk jikinsu ya yi tsami.

Akwai wani ɗan abu da ya shafe mu mu da ke wannan agogon. Ravens suna gabashin Amurka, wasanninsu na rana da yawa ƙarfe 6 na yamma ne a Najeriya da Nijar, daga Nuwamba ya koma 7, kana iya ganin labarin rauni tun kafin magariba ka gyara tawaga. 49ers suna yamma, in suna gida wasan rana sai bayan ƙarfe 9 na dare, kuma in ɗan wasanka yana cikin masu alamar tambaya ka jira har lokacin, sauran da za ka iya sawa a madadinsa mafi yawansu sun riga sun buga an kulle su. Mai McCaffrey dole ya riƙe abin da suke kira ankwa, wato ka ɗauki wanda ke bayansa a ƙungiya ɗaya ka ajiye a benci komai rashin amfaninsa, Mason dai ya koma Minnesota, sai ka duba wanda ke biye da shi ranar daraf ɗinku. Kujera biyu ke nan mutum ɗaya ya cinye maka, ka sa wannan ma a farashi.

In lig ɗinku PPR ne cikakke, kuma kai mai iya zama har sha biyun dare ne kana sabunta labarai, ɗauki McCaffrey ka haɗa da ankwarsa, don shi kaɗai a cikin biyun zai iya ɗauke maka kofi da kansa. In lig ɗin ba ya ba da makin cafewa sam, ba ma sai an yi dogon turanci ba, Henry ne. In kana can ƙarshen layi na 11 ko 12 inda zaɓi biyu ke zuwa kusa da juna, ka iya gwada sa'ar haɗa su duka, ban hana ka ba amma ka san masu cafe ƙwallo na kirki za su ƙare kafin layi ya dawo kanka.

Namu lig ɗin rabin maki ne, ni kuma ƙarfe goma nake kwanciya saboda fita da sassafe. Henry zan ɗauka. Ɗan'uwana da ke biye da ni a layi ya riga ya turo saƙo cewa in na bar masa McCaffrey zai saya min tsire, na ce ya ajiye kuɗin a hannu zuwa mako na 10 tukuna.