Bin kari ko bin kod: amsa ga mai tambaya kan kiɗan goge na bulugiras

Ɗan'uwa, tambayarka kan bulugiras, wato wani salon kiɗan Amurka na kayan tsirkiya, biyu ce a ƙunshe. Ka ce ku biyar ne, da goge irin na Turawa mai tsirkiya huɗu da banjo da mandolin da gita da babban bas, kuma duk lokacin da layi ya zo kanka a kiɗan goge sai ka rasa wanda za ka kama: ka bi karin kiɗan yadda yake, ko ka saki hannu ka ƙirƙiri naka a kan kod, wato sautukan da gita ke haɗawa a ƙasa. Ka kuma ce kuna farawa a natse amma kafin a ƙare kowa na haki. Mu a ganinmu matsala ɗaya ce mai fuska biyu, domin saurin da kuka ɗauka shi ke yanke hukuncin abin da hannunka zai iya faɗa.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne ba ya gardama. Yawancin waɗannan kaɗe-kaɗe, irin su Soldier's Joy da Salt Creek da Red Haired Boy, sashe biyu gare su. Kowane sashe gaɓa 8, ana maimaita shi sau biyu, jimilla gaɓa 32. Kowace gaɓa bugu biyu, wato bugu 64 a zagaye guda, kuma a cikin kowane bugu ana cusa sauti huɗu. In kuna tafiya a kan bugu 90 a minti, sauti 6 kake fitarwa a daƙiƙa, zagayen kuma ya ɗauki kusan daƙiƙa 43. In kun hau 120, sauti 8 ne a daƙiƙa, zagayen ya koma daƙiƙa 32. A 140 ka haura sauti 9. Wasu na ƙirga bugun ninki biyu, su ce 240 a inda wani zai ce 120, saboda haka ku fara daidaita bakinku a kan wannan tun kafin ku yi musun sauri.

To, ga hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa.

Mai bin kari ya haddace kiɗan sauti bayan sauti. Abin da ya samu shi ne tabbaci: yatsunsa sun san hanya, ba sai ya yi tunani ba, kuma mai sauraro zai gane kiɗan da ake yi tun daga gaɓar farko. Mai bin kod kuwa bai damu da haddace komai ba sai jerin sauyin. Ya san nan D ce, nan A ce (da haruffa ake kiran kod da sautuka), sai ya zuba ƴan jimlolin da ya tara a hannu. Abin da ya samu shi ne ƴanci: ko bai taɓa jin kiɗan ba zai iya shiga bayan zagaye ɗaya.

Kowannensu da inda yake karyewa. Mai haddace kari in ya yi tuntuɓe a gaɓa ta biyar, sau da yawa ba shi da wurin kamawa sai ya jira farkon sashe, domin a jere ya koya, kamar mai karatun da in an katse shi sai ya koma baya. Ga shi kuma in mutum huɗu suka buga abu ɗaya daidai wa daida, zagaye na huɗu ya gundiri kowa. Shi kuwa mai bin kod, cutarsa ta fi wannan muni a kunnenmu: duk kiɗan da ke zaune a kan A iri ɗaya yake buga shi. Ka ji shi a Salt Creek, ka ji shi a Bill Cheatham, ba za ka bambance ba. Kiɗan goge galibi ba shi da baitin da zai tuna maka sunansa, karin nan shi ne sunan. In ka jefar da shi, me ya rage?

Akwai wurin da bambancin ke fitowa ƙarara. Ɗauki Old Joe Clark, wanda ake bugawa a kan A. Karinsa na ɗauke da sautin G tsantsa, ba G mai ɗagawa ba, wato wadda ta ɗan fi ta tsayin murya, wadda aka saba ji a tsanin sautukan A, kuma masu raka kiɗan kan sauka kan kod ɗin G a sashe na biyu. Wanda ya koyi kari ya riga ya sha wannan sautin a yatsa. Wanda ya ji an ce "A ce" kawai ya zabura da tsanin da ya saba, zai danna G mai ɗagawa a daidai lokacin da gita ke kan G, sai ka ji abu ya yi tsami, mutane su ɗaga kai. Haka Salt Creek da Red Haired Boy suke, duk da wannan G ɗin.

Blackberry Blossom kuma darasi ne na daban, don sassansa biyu sun raba gardamar da kansu. A sashen farko kod na sauyawa kusan kowane bugu, G, D, C, G, haka dai. A saurin 120 rabin daƙiƙa ke gare ka a kan kowanne. Ba mai bin wannan ɗaya bayan ɗaya ya tsira, gara ka riƙe karin da ke gangarowa kamar matakala. Amma da an shiga sashe na biyu sai kiɗan ya zauna ya daɗe a kan E mai sanyin murya, fili ya buɗe. Nan ne wurin sakin hannu. Kiɗa ɗaya, hanya biyu, kowacce da muhallinta.

Kayan kiɗan da ke hannunka ma yana da ta cewa. Goge da mandolin ɗauri ɗaya gare su, G, D, A, E, kuma a kan goge aka haifi waɗannan kaɗe-kaɗe, don haka karin na faɗowa ƙarƙashin yatsa ba wahala. Mai goge ko mandolin da ya ƙi koyon kari ba shi da uzuri. Banjo dabam ne. Salon yatsa uku na Earl Scruggs, wanda ya shiga ƙungiyar Bill Monroe, wanda ake kira uban bulugiras, a ƙarshen 1945, yana ɗauko manyan sautukan kari ne ya nannaɗe su cikin jujjuyawar yatsu, ba ya bin kowane sauti. Sai Bill Keith, da ya shiga ƙungiyar a 1963, ya shahara da salon da ke fitar da karin goge cikakke ta hanyar rarraba sautukan a kan tsirkiyoyi mabambanta. Salon Scruggs ya fi tuƙi da ƙarfi, na Keith ya fi kama da goge amma yakan yi laushi in hannun dama bai ƙware ba. Gita ce ta fi shan wuya. Doc Watson na Karolina ta Arewa ya fara ɗora kiɗan goge a kan gita ne a shekarun 1950, lokacin da yake cikin wata ƙungiyar kiɗan rawa da galibi ba ta da mai goge, kuma har yau gita ce ke fara gazawa in sauri ya yi yawa, don kowane sauti sai ɗan abin kaɗa tsirkiya ya sauka ko ya hau, ga muryarta ba ta kai ta banjo ba.

Abin da muke ba ka shawara a kai ya fi karkata ga kari, amma ba haddar aku ba. Ka duba gaɓa 8 na sashe guda, za ka tarar jimloli huɗu ne masu gaɓa bibbiyu. A da yawa daga cikinsu ta ɗaya da ta uku kusan abu guda ne, ta biyu tambaya ce da aka bari a buɗe, ta huɗu ita ce rufewa. Ka fitar da sautin da ke faɗowa a kan bugun farko na kowace gaɓa, guda takwas ke nan, ka buga su kaɗai a hankali har sai ka ji kiɗan na nan ko da an cire ado. Wannan shi ne ƙashin bayan. Daga nan ka fara sauya gaɓa ta 7 da ta 8 kawai, ka samo musu rufewa iri uku. In sun zauna, ka taɓa jimla ta biyu. Jimlar farko kuwa ka bar ta yadda take, don ita ce sallamar kiɗan. A gaban jama'a, ka buga sashen a fili karo na farko, ka yi masa ado a maimaici. Ka saurari faifan da mai goge Kenny Baker ya fitar a 1976 na kaɗe-kaɗen Monroe, ka lura da yadda yake juya jimla ba tare da kiɗan ya ɓace ba ko na daƙiƙa ɗaya.

Wani amfanin ƙashin bayan nan: in an tsananta gudu, kana da abin ragewa. Maimakon sauti huɗu a bugu ka buga biyu, ka tsaya daidai kan lokaci. Ya fi ka cusa duka huɗun a hargitse.

Ka yi hattara da kaɗe-kaɗen da ba su cika lissafin 32 ba. Clinch Mountain Backstep na mai banjo Ralph Stanley na da ƙarin bugu guda a sashe na biyu. Jerusalem Ridge na Monroe sassa huɗu gare shi, kuma tsawonsu ba ɗaya ba. Mai dogaro da ƙirgen kod kaɗai a nan yake faɗawa rami, ya dawo gida kafin kowa.

Saura batun gudu. Bulugiras ba shi da ganga. Bas ke taka bugu, mandolin ke sara a tsakanin bugu da bugu da gajeren sauti busasshe, gita na ɗinke su. Wannan saran shi ne kalangun ƙungiyar, kuma ga inda yawancin ƙungiyoyi ke zamewa: da layi ya zo kan mai mandolin ya fara nasa zagayen, saran ya ɓace, ba wanda ya karɓa. Dole mai banjo ya danne tsirkiyoyinsa ya karɓi saran, ko mai goge ya yi shi da gindin bakansa. Ku raba wannan aikin tun kafin a fara, kowa ya san zagayen da zai riƙe.

Sauran dalilan ƙanana ne amma suna taruwa. Mutum in ya tunkari wuri mai wuya jikinsa kan ɗaure, ya yi sauri don ya wuce shi. Dogon sauti a ƙarshen jimla ana yanke masa wutsiya, a shiga jimla ta gaba kafin lokacinta, kuma wannan na faruwa sau da dama a zagaye guda. In an ƙara ƙarfi, gudu na biyo baya ba a sani ba. Sai kuma mai goge da ke buɗe kiɗa da ɗan sharar baka na bugu huɗu ko takwas: in ya ɗauko saurin daga sashe mai sauƙi, za a gane kuskuren ne bayan an isa mai wuya. Ya rera wuri mafi tsauri a zuciyarsa tukuna, ya ɗauki saurin daga can, kuma ya auna da mai gita, ba da kansa ba.

Gwajin da zai nuna muku gaskiya ba ya buƙatar komai sai waya. Ku ɗauki sautin kanku, ku auna zagayen farko da na ƙarshe. In kun fara a 100, zagaye zai ci daƙiƙa 38 da ɗoriya. In na ƙarshe ya zo a 35, kun haura zuwa wajen 110. Ku bi zagayen ɗaya bayan ɗaya, za ku ga a hannun wa aka fara zamewa da kuma a wace gaɓa. Ƙarin bugu biyu ko uku a tsawon kiɗa ba abin tayar da hankali ba ne, goma kuwa aiki ne.

A wajen atisaye ku kunna na'urar ƙirga bugu a 70, amma ku ɗauki ƙarar tata a matsayin saran mandolin, ba takun bas ba. Da farko za ta riƙa juye muku a kunne, ku daure. Bas da gita su fara su kaɗai na zagaye guda, sannan saura su shigo. Kada ku ƙara sai kun yi zagaye uku a jere ba tuntuɓe, kuma ƙarin kada ya wuce bugu 4 ko 5. Inda mai gita ya fara haɗiye sautuka ko kafaɗarsa ta ɗaga, ku koma baya da bugu 10, ku rubuta wannan lambar a gefen sunan kiɗan a takardar jerinku. Da ita mai goge zai buɗe ranar wasa.