Zagayen Universal Studios: Unguwar da Babu Mai Kwana a Cikinta

Duk wanda ya saba ganin unguwannin Amurka a fim, da koriyar ciyawa a ƙofar kowane gida, ya dace ya hau motar zagayen Universal Studios, wurin shirya finafinai da ke Los Anjelis, wadda take ɗaukar baƙi tun 1964. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin Colonial Street, inda aka ɗauki shirin Desperate Housewives daga 2004 zuwa 2012. Da muka matso kusa, sai na gane cewa da dama daga gidajen nan fuska ce kawai, babu ɗakin kwana balle madafi. Mai yi mana bayani ya san aikinsa, kuma zagayen, wanda yake ɗaukar kusan awa guda, yana cikin kuɗin tikitin shiga.