Katakon fayin na Turai a kasuwar Garwa: ina ya dace, ina bai dace ba

Wasu dillalan katako a Garwa sun fara ajiye fayin na Turai, wato katakon itacen "pine", kusa da ayus, farin katakon nan da ke zuwa daga dazukan gabashin Kamaru. Masu gini na ta tambaya ko ya cancanci kuɗinsa. A ganinmu ya cancanta, amma ba a kowane aiki ba.

Akasarin fayin ɗin daga Suwidin da Finlan yake fitowa. Namu yana sauka a tashar Duwala cikin kwantena, jirgin ƙasa ya kawo shi Ngaundere inda layin dogo ya ƙare, sannan tirela ta ɗauko. Kuɗin jirgin ruwa da na duwan (kwastan) da na mota duk suna kan kowane falanki, shi ya sa ya fi ayus tsada sosai.

Alherinsa a bushewa yake. A gidan zarto ake busar da shi cikin tanda har damshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 18 cikin 100, kuma kaurinsa ɗaya ne daga kai zuwa kai. Ayus kuwa sau da yawa da ɗanyensa yake isowa, yankan injin hannu, wani gefe santimita 8, wani 7. Kafinta ya haɗa ƙofa da shi, hunturu na kamawa sai ta tsage ko ta ƙi rufuwa. Don ƙofa, taga, silin da kabad, fayin ya yi masa nisa. In kuma za a ɗora masa nauyi, a duba hatimin C24 a jikinsa, wato alamar ajin ƙarfin katako. C16 bai kai shi ƙarfi ba.

Sai dai iskar nan ta fi tandar Turai bushewa, don haka shi ma yana ƙara tsukewa. A jera shi a inuwa, santimita 30 daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin layi da layi kowane santimita 60, a bar shi mako 2 kafin a taɓa shi da zarto. Wanda aka jingine a bango cikin rana lanƙwashewa zai yi, kuma ba ya miƙewa.

Babban aibinsa gara. Tana cinsa kamar tuwo. Wanda aka dirka wa magani da matsin inji yana da launin kore-kore, shi ya kamata a nema, kuma duk inda aka yanke a sake shafa magani a bakin. Baƙin man mota da ake shafawa a fata kawai yake tsayawa, ba ya shiga ciki.

A lura da tsawo ma. Turawa suna yanka da tazarar santimita 30, wato mita 3.6, 3.9, 4.2, alhali kafintocinmu sun saba lissafin rufi da mita 5 ko 6. In dillali ya faɗi farashin mita kubik, a lissafa: katako mai santimita 8 da 8, tsawon mita 5, guda 31 ne a kubik ɗaya.

Rufin kwano na gida da katakon zuba kankare, ayus mai magani ya wadatar. Sa fayin a nan ɓarnar kuɗi ce.