Hattara da masu tallar "fitilar noman ɗaki"

Jama'a, musamman matan gida, a yi hattara. Akwai masu bin zaurukan WhatsApp da Facebook suna tallar wata fitila mai haske ruwan shuni, wai ta noman maikirogirin ce, wato tsiron kabeji, alayyahu ko burokoli da ake yanka yana ɗan ƙarami, sati ɗaya zuwa uku da shuka. A jikin kwalin an rubuta wat 1000. Sai su ce fitilar tana ninka bitamin sau 40, kuma su da kansu za su riƙa sayen abin da kika girbe su kai wa manyan otal-otal. Sharaɗin dai ki fara tura kuɗin rajista. Kina turawa, ko kayan su iso ko kada su iso, lambar ta daina shiga.

Wannan 40 ɗin arota suka yi. A 2012 masana na Jami'ar Maryland da Ma'aikatar Noma ta Amurka sun auna irin wannan tsiro kala 25, suka ga wasu bitamin ɗinsa sun ninka na ganyen da ya girma sau 4 zuwa 40. Ƙuruciyar tsiron suka auna, ba fitilar wani ɗan kasuwa ba.

Haske kam yana da tasiri. Shuɗi yana hana tsiro miƙewa barkatai, yana kuma ƙara wa jan kabeji launi. Ja yana taimakon girma. In hasken ya yi kaɗan, za ki ga karan ya yi tsawo siriri, fari fat, ganyen ya yi rawaya, duk tiren ya kwanta gefe guda. Haka kuwa fitilar waɗannan mutane take yi, don in aka jona ta a na'urar auna wuta, abin da take ja bai ko kusanci abin da aka rubuta ba.

Doguwar farar fitilar LED ta kasuwa, mai lamba 6500K, a rataye ta kusa da tire awa 12 zuwa 16 a rana, ta wadatar. Balle mu da rana take neman kai mu ƙasa. Inuwar baranda mai haske ma ta isa, ba ruwanki da NEPA.

Abin da ya fi tayar min da hankali irin shukar da suke haɗowa da fitilar ne. In kin ga ƙwayar an rina ta ja ko kore, maganin feshi ne a jikinta, ta gona ce. Shi kuwa wannan tsiro ɗanye ake cinsa, wani lokacin har ɓawon irin yana maƙale a ganye. Kada ki shuka shi, kada ki ba yara.