Tsakanin Trello, Jira da DOORS: Wace Manhaja Ce Ta Dace da Aikinku?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ana saura kwana goma sallah ya san littafi biyu tela yake riƙewa, ko da a ka ne. Ɗaya na awo ne: faɗin kafaɗa, tsawon riga, aljihu nawa, wane irin aiki za a yi a wuya. Ɗayan kuma na layi ne: ɗinkin wa ke kan keke, wane yaro ke sa maɓalli, wa aka yi wa alkawarin Laraba. Idan mai kaya ya zo yana cewa "ai ce maka na yi hannun ya sauko", littafin awo ake buɗewa. Idan kuwa ya zo ya tarar ko yanka yadin ba a yi ba, matsalar daga littafin layi take.

Haka manhajojin gudanar da aiki suka rabu, duk da cewa masu tallarsu ba sa son a gane hakan. Wasu an gina su ne don tsare buƙatu, wato abin da aka yi yarjejeniya za a gina, da wanda ya nema, da ranar da aka canza shi, da gwajin da ya tabbatar an cika shi. Wasu kuma aikinsu bin sawun aiki: wa ke riƙe da me, yaushe zai gama, ina aka maƙale. Kafin ka duba farashi, ka fara tantance wanne littafi ne yake ɓace muku.

Mafi sauƙi a ɓangaren bin sawu ita ce Trello. Kamfanin Fog Creek ne ya fito da ita a 2011, kamfanin Atlassian ya saye ta a 2017 kan dala miliyan 425. Allo ne mai layuka, kowane aiki kati guda, kana jan katin daga "za a yi" zuwa "ana yi" zuwa "an gama". Dabarar ta samo asali ne daga tsarin kanban, wato bin sawun aiki da katuna, na masana'antar Toyota a Japan. Mutum yakan iya ta cikin rabin awa, tana tafiya lafiya a waya, kuma tsarin kyauta yana ba da allo goma. Ga ƙungiyar mutum biyar da ke shirya taro ko gina ƙaramin shafin intanet, ta wadatar. Amma kati ba ya riƙe amana. Kowa na iya gyara abin da aka rubuta a kai, kuma idan katuna suka kai ɗari uku, neman wanda ya dogara da wane ya zama neman allura cikin ruwa. Asana, wadda Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, ya assasa tare da Justin Rosenstein a 2008, ta fi ta iya jera aiki a ƙarƙashin aiki da sa wa'adi, amma dangi ɗaya ne.

Microsoft Project dattijuwa ce, tun 1984 take. Ƙarfinta jadawalin Gantt, wanda ke nuna cewa idan zuba dakali ya makara da kwana shida, rufi ma zai makara. Masu kwangilar gini da hanya sun fi kowa cin moriyarta. Ba ta san komai game da buƙatu ba, ba ta kuma yi da'awar sani ba.

Jira ce za a daɗe a kanta, domin ita ce mafi yawan masu rubuta manhaja kan faɗa wa, wasu da saninsu, wasu don sun ji kowa na ambatonta. Kamfanin Atlassian na birnin Sidni a Ostireliya ne ya fitar da ita a 2002, kuma asalinta rajistar kurakuran manhaja ce. Har yau wannan asalin yana nan: komai a Jira tikiti ne. Kuskure tikiti, sabon aiki tikiti, buƙata ma tikiti. Kana iya tsara matakan da tikiti zai bi, ka hana a rufe shi sai mai gwaji ya amince, ka haɗa shi da wurin ajiyar lambar manhaja, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, yadda za a ga wane gyara ne ya biya wace buƙata. Kyauta ce ga tawagar da ba ta wuce mutum goma ba.

Matsalarta guda biyu ce. Ta farko, sauƙin canza ta shi ke kashe ta. Na taɓa ganin wata tawaga ta mutum takwas da ta ƙirƙiri matakai goma sha ɗaya tsakanin buɗe tikiti da rufe shi. Bayan wata biyu kowa ya koma WhatsApp, Jira ta zama wurin da ake shiga ranar Juma'a don a faranta wa oga rai. Ta biyu, tarin tikiti ba takardar buƙatu ba ce. Mai aiki yana son ya karanta abin da zai sa wa hannu daga farko zuwa ƙarshe, kamar yarjejeniya. Don haka mutane kan rubuta buƙatun a Confluence, 'yar'uwarta ta rubuta takardu, su haɗa da tikitocin, sannan su sayi ƙari, wato ƙananan manhajoji da ake jona wa Jira, irin su Xray ko Zephyr don gwaji. Kowane ƙari da kuɗinsa, kuma yawanci ana lissafinsa ne bisa yawan duk masu amfani da Jira ɗin, ba waɗanda ke taɓa ƙarin kawai ba. Ka kuma sani cewa tun Fabrairun 2024 Atlassian ya daina tallafa wa nau'in Server da ƙananan kamfanoni ke girkewa a injinsu. Ga ƙaramar tawaga, Jira a yau tana nufin bayananku suna kan sabar kamfanin Atlassian, wato kwamfutocinsa na adana bayanai, kuma babu intanet babu aiki.

Wanda lambar manhajarsa ke kan kayan Microsoft ya duba Azure DevOps, wadda ta haɗa allon aiki da ma'ajiyar lamba wuri ɗaya, mutum biyar na farko kuma kyauta. Masu amfani da ma'ajiyar lamba ta GitHub ko GitLab ma suna da nasu allon a ciki. Sau da yawa ya isa, ba sai an ƙara wata rajista ba.

Yanzu ga masu littafin awo na gaske. A watan Satumban 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja da ke aiki a nan duniya tana fitar da lissafi da ma'aunin fam, alhali takardar yarjejeniya ta ce a yi da ma'aunin mita. Buƙatar tana rubuce, ba a dai bi ta har zuwa gwaji ba. Irin wannan ramin ne DOORS da Polarion da Jama Connect suke cikewa. A cikinsu kowace jimla ta buƙata tana da lambarta, tana ɗaure da zane da gwajin da ya shafe ta. Ka canza jimla ɗaya, duk abin da ke rataye da ita sai ya nuna alamar tuhuma har wani ya duba. Kana kuma iya daskarar da takardar a ranar da aka sa hannu, yadda bayan shekara uku za a buɗe a ga ainihin abin da aka amince da shi.

DOORS ta fito tun farkon shekarun 1990, ta koma hannun kamfanin Telelogic, daga nan IBM ya sayi Telelogic a 2008. Fuskarta ta tsufa, koyonta sai da horo, amma kamfanonin jirgin sama da tsaro da jirgin ƙasa sun jibge shekaru na bayanai a cikinta. Polarion ta Siemens ce, ana rubutu a cikinta kamar takardar Word alhali kowane sakin layi abu ne da ake bin sawunsa. Jama ta fi su daɗin kallo da sauƙin tattara ra'ayin masu bita. Waɗannan ba a cika sayensu da kati a shafi ba. Sai ka yi magana da wakili ya ba ka farashi. Idan aikinku na ƙarƙashin ƙa'idoji irin su DO-178C na manhajar jirgin sama, ISO 26262 na motoci, ko IEC 62304 na na'urorin asibiti, da wuya ku kauce wa irin waɗannan manhajoji, domin mai bincike zai zo ya ce a nuna masa hujja. Idan kuwa manhajar biyan kuɗin makaranta kuke ginawa, sayen DOORS hayar tirela ce don ɗauko buhu ɗaya. A cikin wannan rukuni ka tambaya ko manhajar na fitar da bayanai a tsarin ReqIF, wanda masana'antar motoci ta Jamus ta faro. Shi ke ba ka damar musayar buƙatu da abokin aiki mai wata manhajar.

Akwai hanya ta uku da aka fi mantawa da ita: Redmine, wadda take kyauta tun 2006, da OpenProject da ta tsiro daga zuriyarta, mai kyakkyawan jadawalin Gantt. Kana girke su a sabar ofis, su yi aiki a cikin gida ko da intanet ta ɗauke. Ga mai biya da naira wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda yawancin sauran da dala ake biya, kowane mutum kowane wata, kuma wanda ya yi kasafi kafin a saki naira a Yunin 2023 ya san yadda lissafin ya rikiɗe. Sai dai kyautar tana da wutsiya: dole a sami wanda zai riƙa sabuntawa, ya riƙa kwafe bayanai ya adana, ga kuma wuta.

Excel fa? Kada a raina ta. Buƙatu sittin, lamba a gefe, wanda ya nema, ranar amincewa, gwajin da ya biya, duk suna shiga shafi ɗaya. Takan gaza ne ranar da kwafi uku suka fara yawo ta imel, kowanne da sunan "na ƙarshe".

Kafin ka biya ko sisi, ɗauki buƙatu ashirin daga aikin da kuka riga kuka gama, ka zuba su a manhajar lokacin gwajin kyauta. Canza guda ɗaya, ka ga ko za ta gaya maka abin da canjin ya taɓa. Ba wa mutumin da ya fi kowa ƙin kwamfuta a tawagar ya rufe aiki ɗaya daga wayarsa da data mai rauni. Sannan ka fitar da komai zuwa Excel, ka duba ko sharhi da maƙale-maƙalen takardu da alaƙar da ke tsakanin tikitoci sun biyo, ko kuwa kanun labarai kaɗai aka ba ka.