FID ko MS: wanne ya dace da hantar ɓerayenki?

Ƙanwata, kin ce kin ciyar da ɓeraye abinci mai maiƙo a Jos, kina son sanin yawan asid ɗin kitsen da ya taru a hantarsu, kina tambaya ko ki kai samfur ga na'urar GC (mai rarrabe sinadarai bayan sun zama tururi) mai FID ko mai MS, wato ma'auna iri biyu da ake haɗa mata a bakin fita.

Hanyar farko ɗaya ce. A tatso kitsen da kulorofom da metanol, kashi 2 da 1, kamar yadda Folch ya tsara a 1957, a mayar da shi FAME (asid ɗin kitse da aka haɗa da metanol) don ya iya zama tururi, sannan ya bi dogon bututu ya rarrabu. A bakin fita ne suka bambanta.

FID ƙona abin da ya fito yake yi a harshen wutar haidurojin, kuma siginarsa tana tafiya kusan daidai da yawan kabon. Shi ya sa ba shi da na biyu wajen faɗin adadi: 16:0 nawa, 18:1 nawa, 20:4 da 22:6 nawa (sunayen asid ɗin kitse ke nan: lambar farko yawan kabon, ta biyu yawan haɗi mai ninki biyu). Sai dai bai san sunan kowa ba. Lokacin fitowa kawai yake ba ki, ke ce za ki gwada da ma'aunin FAME 37 na kamfanin Supelco, wato gaurayen sanannun FAME guda 37. Idan biyu suka fito tare, ɗaya zai ƙirga.

MS kuwa farfasa ƙwayar sinadarin yake yi, ya auna gutsattsarin, ya gaya miki mece ce. Baƙon abu da wuya ya ɓoye masa. Amma ya fi tsada, kowane asid na bukatar nasa daidaitawa kafin ki amince da adadin, kuma bai iya raba sis da tirans ba, wato siffofi biyu na asid masu nauyi ɗaya. Wannan aikin bututu mai mita 100 ne, irin SP-2560.

Tambayarki ta adadi ce, asid ɗin hanta kuma sanannu ne. Ni FID zan zaɓa, in kai samfur biyu ko uku ga MS don tabbatarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne ajiya. Kada sanyin Jos ya ruɗe ki, 22:6 saurin lalacewa gare shi. Ki daskarar da hantar nan take, a -80°C in da hali, ki sa BHT (sinadarin da ke hana kitse lalacewa) a ruwan tatsa, ki zuba ma'aunin ciki (asid ɗin da kika san adadinsa, don gwada sauran da shi) kamar 19:0 tun kafin niƙa. In da hantar saniya ce daga mayanka, da na hana ki amfani da 17:0 a madadin 19:0, don tana da nata 17:0 ɗin.