Wata takwas da mariƙan jan ƙarfe a ƙofofin asibitinmu

Ƙaramin asibitin haihuwa muke da shi, gado shida, ni da ma'aikata huɗu. Ƙofar ɗakin haihuwa da ta banɗaki su suka fi shan hannu: mai jego ta taɓa, mai jinya ta taɓa, 'yan barka su taɓa, kowa da abin da ya kwaso. Ana gogewa safe da yamma, amma tsakanin gogewa biyun nan hannu nawa ya wuce? Wannan ya sa bara na cire mariƙan silba (ƙarfen da ba ya tsatsa) na ƙofofi biyar, na sa na jan ƙarfe.

Tun lokacin korona abin yake raina. A watan Maris na 2020 masu bincike a Amurka suka nuna cewa ƙwayar cutar kan kai kwana uku a kan roba da ƙarfen silba, amma a kan jan ƙarfe bayan awa 4 ba a same ta da rai ba. Da na bi diddigi sai na tarar maganar ta daɗe. Tun 1983 wata mai bincike, Phyllis Kuhn, ta gwada mariƙan ƙofa a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Na silba masu ƙyalli, waɗanda ido ke cewa sun fi tsafta, su ne cike da ƙwayoyin cuta, na tagulla da suka dushe kuwa kusan babu komai. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa gaurayen jan ƙarfe rajista a matsayin masu kashe sama da kashi 99.9 cikin 100 na wasu bakteriya cikin awa 2, muddin jan ƙarfen da ke ciki ya kai kashi 60.

Sayen farko asara na yi. Wani mai kayan gini ya rantse mini cewa tagulla ce zalla, ga su jajir suna sheƙi. Da Malam kafinta ya zo ɗaurawa sai ya juya ɗaya a hannu, ya ce, "Hajiya, wannan bai yi mini kama da tagulla ba." Ya zaro maganaɗisu daga akwatinsa ya kara, ɗaf, ya manne. Ya ɗan goga magagari a bayansa, sai ga farin ƙarfe ya leƙo. Ruwan tagulla kawai aka watsa masa. Na biyun da na samo wajen wani maƙeri na gaske ne, maganaɗisu bai kama ba, kuma duk inda aka kankare ja ne har ciki. Kuɗinsu ya kusa ninka na silba sau uku. Maƙerin ma sai da na hana shi shafa musu banish, domin aikin ƙarfen a taɓawa yake. Idan ƙwayar cuta ta sauka a kansa, wasu ƙananan ɓurɓushinsa ne ke huda fatarta, su shiga su lalata ƙwayar halittarta. Da zarar an rufe shi da man sheƙi an raba su ke nan.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kala. Cikin mako uku suka yi duhu, inda tafin hannu ke kamawa ya yi haske, gefe-gefe ya koma kalar ƙasa. Wata tsohuwa da ta kawo jikarta ta ce mini, "'Yar nan, ba kwa wanke ƙofar nan ne?" Na ji zafin maganar, don tsafta ita ce jarinmu. Binciken su Farfesa Bill Keevil na Jami'ar Southampton a Ingila da na wasunsu ya nuna dushewar ba ta hana shi aiki, amma majinyaci da ido yake hukunci. Yanzu duk Juma'a muna goge su da lemon tsami da gishiri, mu ɗauraye, mu tsane. Ruwan bilic kuwa ƙara musu duhu yake yi. Suna kuma barin ɗan ƙarni a hannu idan akwai gumi, musamman da bazara.

Ban auna komai ba, ba ni da ɗakin gwaji, don haka ba zan ce cuta ta ragu a wurinmu saboda su ba. Abin da na dogara da shi shi ne gwajin da aka wallafa a 2013, na asibitoci uku a Amurka da majinyata sama da 600, inda kamuwa da cutar asibiti ta ragu da kashi 58 a ɗakunan kulawa ta musamman da aka sa wa jan ƙarfe a hannun gado, da sandar ƙarin ruwa, da teburin majinyaci. Wasu masana sun ce gwajin ya yi ƙanƙanta, a ƙara bincike, kuma ina ganin suna da gaskiya. Hukumar da ta yi rajistar ma ta gindaya cewa ƙari ne a kan wanke hannu da goge-goge, ba madadinsu ba. Mu ma ba mu rage ko ɗaya ba.

Zan sake saye, da maganaɗisu a jakata. Na riga na yi magana da maƙerin ya auna mini hannun gadon haihuwa da kan famfo biyu, ya ce bayan Sallah zai kawo.